Jakar Cikin Waya

Ta miƙo min waya, ba ta ko zauna ba,
ƙafa ɗaya a rumfata, ɗaya a bakin kwata:
"Baba Tanimu, irin wannan nake so."
Na laluba tabarau, na matso da fuska.
Jaka ce ja mai duhu, kalar zoɓon da ya kwana,
zaune kan farin dutse ita kaɗai
kamar mai jiran a zo gaisuwa.
A ƙasanta kuɗi. Na ƙirga sifili har na ɓata.

Na ce, "Jawo hoton, Zulaihatu, in ga ɗinkin."
Ta ware yatsu biyu, jakar ta kumbura,
sai na gane fatar,
yadda ake gane ɗan unguwa
ko ya dawo da kwat da sabon harshe.
Akuyarmu ce.
Ta tafi a ɗaure, gishiri a jikinta,
ta dawo da sunan da bakina ya kasa faɗa.

Da sassafe na gangara majema.
Warin nan da ke korar baƙo
ni shi ya yaye ni.
Gambo ya tsamo guda bakwai, na mayar da shida.
Ta bakwan ta sha bagaruwa ta ƙoshi,
laushi kamar kunnen jariri,
sai dai tabo ɗaya a kwiɓi,
inda wata ƙaya ta taɓa yi mata magana.

Kwalin taliya na yanka na fitar da fasali.
Na ɓata uku. Na huɗu ya yarda.
Karan dafi na jiƙa, na ɗiga kuloko kaɗan
don jan ya yi nauyi,
na shafa, na shanya, na murza man gyaɗa
har ta fara mayar min da hasken ƙofa.
Sannan basilla.
Huda, zare, ja. Huda, zare, ja.
Kakin zuma a zare, zaren a haƙori,
ɗinki takwas a tsawon gaɓar yatsa,
in ɗaya ya karkace, sai in warware layin.
An ɗauke wuta, ban sani ba,
hannuna bai taɓa cin bashin lantarki ba.

Kwana tara.
Zif ɗin farko ya cije, na cire shi.
Maratayi ya sha ninki uku.
Tabon kuwa, na juya shi, na juya shi,
wuƙa a hannu,
na kasa.
Na kwantar da shi ƙarƙashin marfi,
inda sai mai jaka zai gani.

Ta zo ranar Laraba daga banki, da gumi a goshi.
Ta ɗaga, ta shinshina, ta rataya,
ta nemi madubi a rumfar da ba ta da shi.
Sai ta kwance wata 'yar leda:
haruffa biyu na ƙarfe, ruwan gwal,
irin waɗanda ake aunawa da hannu a Wambai.
"Manna min nan, a gaba."

Na dubi haruffan. Na dubi kwana tarana.
Na tuna kuɗin rumfa, da maganin Uwani
da ya ƙare tun Lahadi.
Na huda fatar sau huɗu.
Ba ta yi ƙara ba, ni ma haka.

Amma a cikin ƙaramin aljihu,
inda za ta ajiye makulli da canji,
tun daren jiya na buga 'yar tauraruwa
da tsohon ƙarfen mahaifina,
wanda bakinsa ɗaya ya gutsure.

Ta rage min dubu biyu, ta tura sauran ta waya,
muka tsaya jiran saƙo ya shigo,
ita tana shafa haruffa, ni ina kallon ɗinki.

Asabar akwai biki a Gwale, in ji ta.
Wata za ta taɓa jakar, ta ce, "Daga ina?"
Ban san me za ta amsa ba.
Na share tarkacen fata da gefen hannu,
na ware manya domin takalmin yara.